Allon Shago da Mahaɗinsa: Tarihin Rubutun Kasuwa daga Kano zuwa Tamanrasset

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi titin Murtala Muhammad a Kano, ko ya ratsa Tudun Wadar Zariya, zai ga manyan alluna a goshin shaguna, ɗauke da sunan mai shago da irin hajar da yake sayarwa. Idan ya matsa kusa ya ɗaga kai, zai lura cewa allon da ya ɗauka guda ne ashe fallaye ne biyu ko uku, wani lokaci ma fiye, aka jera su gefe da gefe. Wurin da falle ya sadu da ɗan'uwansa shi za a riƙa kira mahaɗi a wannan takarda.

Mai yiwuwa ɗalibin harshe ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Amsar ita ce, allon shago na daga cikin rubutun da jama'a suka fi karantawa a kullum, har da waɗanda ba su taɓa buɗe jarida ba. Sannan abin da mai wucewa zai karanta a kansa bai tsaya ga abin da marubuci ya tsara kaɗai ba. Girman falle da zafin rana da dokar ƙasa da hannun mai kafa allon duk suna da ta cewa. Wannan takarda za ta bi diddigin yadda allon ya shigo kasuwar Bahaushe, da yadda kayan yin sa suka sauya, sannan ta leƙa Tamanrasset da ƙauyen Tahifet a kudancin Aljeriya, inda rubutu iri uku ke neman wuri a kan allo ɗaya.

2.0 Kasuwa Kafin Zuwan Allo

Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda tarihi ya danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta yi ɗaruruwan shekaru tana ci ba tare da allon suna a kan rumfuna ba. Dalili kuwa shi ne, tsarin kasuwar kansa ya wadatar. Kowace haja da layinta: 'yan goro a nan, 'yan koli a can, dukawa da maƙera kowa da sashensa. Baƙo kuma ba shi kaɗai yake shiga kasuwa ba, yana da fatoma da ya sauke shi da dillali da zai yi masa jagora.

Wannan ba ya nufin babu rubutu a cikin ciniki. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya bayyana yadda aka ware wa kowace haja ɓangarenta, ya kuma ambaci wata al'ada mai ban sha'awa. Ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda idan aka kai kayan Barno aka kwance aka tarar da aibi, sai a mayar da su, dillalin ya nemo wanda ya sayar da kayan, shi kuma ya mayar da kuɗin. Ke nan rubutun kasuwanci na wancan zamani a cikin ƙunshi yake, aikinsa riƙe amana tsakanin mutanen da suka san juna. Goshin gini kuwa an bar wa magina, su yi masa zane da dagi gwargwadon ƙarfin mai gida.

3.0 Jirgin Ƙasa da Kanti da Boko

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe daga 1912. Kamfanonin Turai irin su John Holt da G. B. Ollivant da CFAO, da kuma UAC wadda aka kafa a 1929, suka gina kantuna a wajen ganuwa. Kwarori, wato 'yan Siriya da Labanan, su ma suka kafa nasu. Kanti ya bambanta da rumfa. Yana bakin titi, mai shi baƙo ne, mai sayen ma sau da yawa baƙo ne da jirgi ya sauke. Babu dillali a tsakani, saboda haka dole ginin ya faɗi sunansa da kansa. Nan ne allon shago ya samo asali a ƙasar Hausa.

Allon ya zo daidai da lokacin da ake ƙoƙarin daidaita rubutun boko. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗanhausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A farkon boko, sautukan da babu su a Turanci ana nuna su ne da ɗigo ko da ɗan waƙafi a jikin harafi. Sai a cikin shekarun 1930, zamanin Rupert East da Hukumar Talifi ta Zariya, aka karɓi haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa mutane da su. Sai dai mai fentin allo ba a ɗakin ɗab'i ya koyi aiki ba. Ya koya ne a wurin maigidansa, yana kwaikwayon haruffan Turanci da ke jikin kwalaye da gwangwanaye, waɗanda babu ƙugiya a cikinsu. Tun daga nan rubutun littafi da rubutun titi suka fara raba hanya.

4.0 Kayan Aiki da Dabarun Haɗi

Alluna na farko na manyan kamfanoni na ƙarfe ne da aka yi wa irin shafen da ake yi wa langa, aka gasa a wuta. A Ingila ake yin su, inda aka buɗe masana'antarsu ta musamman a Bamingam a 1889. Ba sa kodewa, amma suna da nauyi da tsada, kuma girmansu bai wuce abin da tandu zai ɗauka ba. Ƙaramin ɗan kasuwa sai ya dogara ga katako da fallen kwano da fentin mai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara yin filawud a Safele, kuma ma'auninsa da aka saba da shi ƙafa 8 ne a tsawo da ƙafa 4 a faɗi, wato mita 2.44 da mita 1.22. Wannan ma'auni ya daɗe yana mulkin goshin shaguna. Shagon da faɗinsa ya kai ƙafa 24 yana bukatar falle uku, falle uku kuwa mahaɗi biyu ke nan. Kafinta yakan yi firam na katako, ya sa wani falanki a bayan kowane mahaɗi, ya buga ƙusa, ya cike tsagar, sannan mai fenti ya hau tsani ya yi rubutu a kan allon da aka riga aka kafa. Amfanin wannan tsari shi ne mai rubutu yana ganin mahaɗin da idonsa, yana iya matsar da harafi ya kauce masa. Illarsa kuma, da damina ɗaya ta wuce ruwa ya shiga bakin katakon, sai ya kumbura, fenti ya tsage daidai wurin.

Daga baya roba mai kama da gilashi ta shigo, wadda aka ƙirƙiro a Jamus da Ingila a farkon shekarun 1930 da sunayen Plexiglas da Perspex. Ita ce ta ba da damar sa fitila a bayan allo ya haskaka da dare. Sai kuma falle mai ɓawon alminiyam biyu da roba a tsakiya, wanda aka fara fitarwa kasuwa a 1969 da sunan Alucobond, sunan da har yau magina ke kiran kowane irinsa da shi. A farkon shekarun 1980 aka yi na'urar yanka haruffan sitika a Amurka, manhajar zane ta CorelDraw kuma ta fito a 1989. Bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, kamfanonin waya suka cika tituna da launukansu, injinan buga bana a kan leda mai kauri kuma suka yawaita. Ledar tana zuwa a naɗe, mita da yawa, don haka ba ta bukatar mahaɗi. To amma rana tana cinye launinta, iska kuma tana yaga ta, shi ya sa mai son allo mai ƙarko ya koma wa fallen alminiyam, mahaɗi kuma ya dawo.

Babban abin da mai haɗa irin waɗannan fallaye ke fama da shi shi ne zafi. Kowane abu yana miƙewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce. Mita ɗaya na alminiyam yana ƙaruwa da kimanin milimita 2.4 idan zafi ya hau da digiri 100. Robar nan mai kama da gilashi tana ninka haka kusan sau uku, ƙarfen firam kuwa rabin na alminiyam yake yi. Idan muka ɗauki falle mai mita 3, muka ce tsakanin sanyin asuba da zafin azahar a jikinsa akwai digiri 40, alminiyam zai motsa kusan milimita 3, robar kuwa fiye da milimita 8. Wanda ya matse fallaye baki da baki da sanyin safiya, ya ɗaure su tamau, zai dawo da rana ya tarar sun yi tozo.

Saboda haka gwanayen aikin suna da ƙa'idoji. Da farko mai walda zai haɗa firam, a ja igiya a tabbatar ya miƙe, domin bangon shago ba kasafai yake zama daidai ba. Akan fara jeri daga tsakiya zuwa gefuna, don idan da ragi ko ƙari ya rabu biyu. Akan bar 'yar tazara a mahaɗi, a sa wani siririn falle a baya mai launi ɗaya da fuskar, a manne shi ga falle ɗaya kawai, ɗayan ya zauna a kai yana zamewa. Wasu kuma sukan lanƙwashe bakin falle ya shige ƙarƙashin na kusa da shi, ko su rufe mahaɗin da siririn ƙarfe ta gaba. Hujin ribiti akan yi shi ya ɗan fi ribitin faɗi. Har wa yau, ledar da ke rufe da sabon fallen alminiyam tana da kibiyoyi, kuma dole duk su fuskanci gefe guda, in ba haka ba launi ɗaya zai fito kamar biyu idan rana ta doke shi.

Abin lura ga ɗalibin harshe a nan shi ne, tsarin aiki ya juye. A da, rubutu ne ke zuwa bayan kafi. Yanzu kuwa ana tsara rubutu a kwamfuta, a yanka, a manna a ƙasa, sannan wasu mutane dabam su ɗauka su kafa. Mai rubutu bai ga bango ba, mai kafi kuma wataƙila ba ya karanta abin da yake ɗagawa.

5.0 Tamanrasset da Tahifet

Domin a ga yadda wannan matsala ke ƙara girma, bari mu bi hanyar arewa. Daga Kano ta Damagaram da Agadas da Arlit, a ƙetare iyaka a Assamaka da In Gezzam, sai a isa Tamanrasset a tsakiyar duwatsun Ahaggar. Hulɗar yankin da ƙasar Hausa tsohuwa ce. Ayarin Buzayen Ahaggar sun daɗe suna kai gishirin Amadror zuwa Damargu su musanya da gero, kuma baƙin rawani mai ƙyalli da ake rinawa a Kura ta Kano kayan alfarma ne a wurinsu. Lokacin da malamin Kirista Bafaranshe Charles de Foucauld ya zauna a Tamanrasset a 1905, gidajenta ba su wuce ashirin ba. Ƙidayar 2008 ta samu mutum fiye da 90,000. Farin shekarun 1973 da 1984 da neman aiki sun kawo mutane da yawa daga Nijar da Mali, har Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan da ake ji a kasuwar garin.

Tahifet kuwa ƙauye ne na masu lambu a bakin rafi, cikin duwatsu, ta gabashin Tamanrasset. Idan mai shago a irin wannan ƙauye yana son babban allo, sai an kawo fallen daga arewacin ƙasar, tafiyar kusan kilomita 2,000 daga Aljas zuwa Tamanrasset, sannan a ɗora a bayan ƙaramar mota a hau da shi dutse. Tsawon bayan motar shi zai yanke tsawon falle, tsawon falle kuma ya yanke yawan mahaɗai. Ga shi kuma yankin tudu ne, Tamanrasset kanta ta haura mita 1,300 daga teku. Da hunturu ruwa kan daskare da dare a kan duwatsu, da rana kuma hasken ya gasa ƙarfe. Lissafin miƙewa da tsukewa da aka yi a sama ya fi tsanani a can.

Ban da yanayi, akwai doka. Bayan samun 'yanci a 1962, Aljeriya ta ɗauki manufar mayar da al'amuran ƙasa cikin Larabci, kuma a 1976 aikin ya kai ga sunayen tituna da alluna. Dokar 16 ga Janairu 1991 ta tanadi cewa allunan shaguna da na talla a rubuta su da Larabci kaɗai, in ban da wuraren yawon buɗe ido da aka ware, inda za a iya haɗawa da wani harshe. An jingine dokar a 1992, aka farfaɗo da ita a 1996, aka sa 5 ga Yuli 1998 ya zama wa'adin cika ta. Duk da haka Faransanci bai ɓace daga goshin shaguna ba. A ɗaya ɓangaren, harshen Tamazight, wanda Tamahak ta Buzayen Ahaggar reshensa ce, ya zama harshen ƙasa a 2002, ya zama na hukuma a 2016. Rubutun Tifinag, wanda ke sassaƙe a jikin duwatsun yankin tun da daɗewa, ya samu hawa allunan ma'aikatu.

Ita Hausa fa? Ta shiga bakin mutanen garin ta hanyar gasasshen nama. Gashin da 'yan Nijar suka shahara da shi a Tamanrasset sunansa mainama, wato dai mai nama. Kalmomi biyu sun zama ɗaya, sunan mai sana'a ya koma sunan abinci, kuma idan za a rubuta shi da haruffan Larabci ko da ƙa'idar Faransanci ake rubutawa. Harshen da ba shi da gurbi a doka yakan hau allo ne a cikin rigar wani.

6.0 Harafi a Bakin Mahaɗi

Rubutun nan uku ba ɗaya suke ba a gaban mahaɗi. Tifinag ya fi sauƙi, domin haruffansa da'ira ne da layi da ɗigo, kowanne a tsaye shi kaɗai. A gargajiyance ma ana rubuta shi ta dama ko ta hagu ko daga ƙasa zuwa sama, ko da yake sabon tsarinsa na alluna daga hagu yake farawa. Haɗarinsa ɗigo ne: ribiti ɗaya a wurin da bai dace ba yana iya kama da ɓangaren harafi.

Larabci, da ajaminmu da ya fito daga gare shi, haruffansa a sarƙe suke, saboda haka mahaɗi yakan yanka kalma. Gwanin rubutu yana da mafita biyu. Akwai haruffa shida da ba sa haɗuwa da na bayansu, wato alif da dal da zal da ra da zaira da wau, sai ya sa mahaɗin ya faɗa a giɓin da suka bari. Ko kuma ya ja layin da ke tsakanin haruffa biyu ya tsawaita shi, ya ƙetare mahaɗin da miƙaƙƙen layi. Amma wannan layi shi ne mai tona asirin mai kafi, don ko da milimita biyu falle ya fi ɗan'uwansa tudu, ido zai gani. Idan kuma Larabci da boko suna kan allo ɗaya, falle na farko a wurin boko shi ne na ƙarshe a wurin Larabci, sai an nemi wurin yanka da zai yi wa duka biyun daɗi.

Boko haruffansa a rarrabe suke, amma Hausa tana da ƙugiya. A manyan baƙaƙe, ƙugiyar Ɓ da ta Ɗ tana leƙawa ta hagu daga sama, ta Ƙ kuma ta dama. Ita ce ke fara faɗawa cikin tazara ko ƙarƙashin ƙarfen rufi. Na taɓa tsayawa a wani gari ana kafa allon masauki mai falle uku. Mai zanen ya yi aikinsa daidai, ya rubuta MASAUKIN BAƘI da ƙugiyarsa. Mahaɗi na biyu ya faɗo tsakanin Ƙ da I, da aka ɗora siririn ƙarfen rufi sai ya haɗiye ƙugiyar, allo ya koma MASAUKIN BAKI. Na yi wa mai kafin magana, ya ce ai kowa ya gane. Mai masaukin ya riga ya biya, kuma gyara na nufin sauke falle biyu. Haka aka bar shi.

Gaskiya ne mai jin Hausa zai gane, domin muhallin magana yana fitar da ma'ana. Amma yaron da ke koyon karatu a kan hanyarsa ta makaranta, da baƙon da ke koyon harshen, daga allo suke ɗauka. Idan kullum suna ganin daki a madadin ɗaki, da kasa a madadin ƙasa, za su ɗauka ƙugiya ado ce. Uzurin rashin kayan aiki kuma ya ƙare, domin haruffan nan suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, Tifinag ma ya shiga a 2005. Abin da ya rage shi ne zaɓen salon harafi mai ɗauke da su, da duba inda mahaɗi zai faɗa kafin a yanka.

7.0 Kammalawa

An ga yadda rubutun ciniki ya fito daga cikin ƙunshin dillali ya hau goshin kanti, da yadda ma'aunin falle da zafin rana da dokokin harshe suka riƙa tsara kamanninsa daga Kano har Ahaggar. Batun bai tsufa ba. A watan Maris na 2025 Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Idan wannan ya kai ga alluna, za a bukaci masu zane da masu kafi da suka san bambancin baki da baƙi, suka kuma san cewa Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Waɗanda za su koya musu su ne ɗaliban wannan sashe.

Saboda haka ana son kowane ɗalibi ya zaɓi titi ɗaya, ya kwafo rubutun alluna ashirin kamar yadda yake, ba tare da gyara ba. A kowanne ya nuna harshe da irin rubutun da aka yi amfani da su, da abin da aka yi allon da shi, da yawan fallayensa, da harafin da mahaɗi ya faɗa a kai. In da hali, ya nemi izinin mai shago ya tambaye shi wa ya tsara kalmomin, wa ya yanka, wa ya kafa. Da waɗannan bayanai za a buɗe darasi na gaba a kan ƙa'idojin rubutu.